Shawara: Ina son mayar da tsohuwar Hilux ɗina dizal, amma kuɗin hannuna kaɗan ne

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni manomi ne a yankin Toro ta jihar Bauchi. Ina da tsohuwar Hilux mai ogzileri, wato mai jan tayoyi huɗu, ƙirar 1994, mai injin fetur 22R na kafireta. Da ita nake kai taki gona in fito da masara, kuma hanyar tamu duwatsu ce da laka, ga rafi biyu da ake tsallakawa da damina. Injin ya gaji: yana shan baƙin mai, yana hayaƙi, fetur kuwa ba a magana, kuma da ruwa ya taɓa shi sai ya mutu. Ina so in mayar da ita dizal. An nuna min inji biyu, 1KZ mai tobo, shi kaɗai ba giya ba wayoyi, da 5L da aka cire daga bas Hiace. In na sayi 1KZ kuɗina sun kusa ƙarewa, in 5L ne zai rage min kamar kashi ɗaya cikin uku. Bakanikena ya ce kowanne zai shiga, mako guda ya gama. Wanne zan ɗauka, me kuma zan shirya?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Kada ka biya kuɗin ko ɗaya daga cikin biyun a wannan makon. Bakanikenka bai yi ƙarya ba da ya ce kowanne zai shiga, domin da walda da haƙuri ba injin da ba ya shiga. Abin da bai faɗa maka ba shi ne yawan ƙananan kayan da ke tsakanin "ya shiga" da "tana tafiya lafiya", kuma a nan ne kuɗin mutane ke ƙarewa, a bar mota kan duwatsu a gareji har ciyawa ta fito a ƙarƙashinta.

Mu fara da abin da za ka samu da wanda ba za ka samu ba, don kada ka yi fushi daga baya. Injin 22R ɗinka yana da girman cc 2,366 da ƙarfin doki kusan 100. Dangin dizal na Toyota da suka dace da wannan mota su ne 2L mai cc 2,446, da 3L mai cc 2,779 da doki wajen 91, da 5L mai cc 2,986 da doki wajen 97. Ka ga ke nan ƙarfi ba zai ƙaru ba, a kan kwalta ma sai ka ji ta fi da nauyin jiki, wuce tirela sai da lissafi. Ribar tana wani wuri: ƙarfin jan dizal yana zuwa tun injin na juyi 2,400 a minti, ya iya rarrafe a hankali cikin duwatsu ba tare da kana ƙona kuloci ba, ba shi da distiribita da koyil da wayoyin fulogi da ruwa zai kashe, kuma ya fi tattalin mai.

Tattalin man ma a yi masa lissafi da alƙalami. A ce 22R na shan lita 14 a kilomita 100, dizal ɗin kuma lita 10 da rabi. In kana yin kilomita 20,000 a shekara, lita 2,800 ke nan na fetur, ko lita 2,100 na dizal. Amma a Najeriya litar dizal ta saba fin ta fetur tsada, ko bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023. Da waɗannan alƙaluma, duk ranar da farashin dizal ya fi na fetur da kashi ɗaya cikin uku, ribarka ta zama sifiri. Ka cika tanki, ka rubuta kilomita, ka auna taka motar, ka sa farashin gidan man garinku. Da kuɗin mai ne kaɗai dalilinka, da mun ce ka sauke 22R a yi masa ringi da metal da sarƙar taimin, a gyara kafireta, ka huta, domin wannan ya fi araha nesa ba kusa ba. Sai dai tunda injin na buƙatar babban aiki ko ta yaya, kuma rafuka da hawan duwatsu ne aikinka, sauyin yana da ma'ana.

To, 1KZ. A bar shi. Inji ne mai ƙarfi, cc 2,982, da ƙarfin murɗawa da ya kusa ninka na 22R sau ɗaya da rabi, kuma wannan ƙarfin ne matsalar farko: Toyota ta haɗa shi da giya mai lamba R, wadda ta fi ta motarka ƙwari, saboda haka sai ka sayi giya, ka auna furofela, watakila ka yanke ko ka ƙara. Matsala ta biyu, yawancin waɗanda ke kasuwa 1KZ-TE ne, wato kwamfuta ke sarrafa famfon injekta, mai tura dizal cikin silinda. Wanda aka nuna maka ba kwamfuta, ba wayoyi. Kowane soket da aka datse da almakashi sai an nemo shi, kuma kwamfutar ta zama ta irin wannan injin daidai. Ta uku, kansa, wato tof silinda, na alminiyam ne, an san shi da tsagewa in ya yi zafi fiye da kima. Mota mai lodi, tana hawa dutse da giya ta ɗaya cikin zafin watan Afrilu, a hannun mai kuɗin da ba su kai sayen sabon lagireto ba, ita ce ainihin wadda ke tsaga shi. Wannan gargaɗin ya shafi 2L-T mai tobo shi ma. 2L mara tobo kuwa lafiyayye ne amma ya yi wa lodinka kaɗan.

Saura 3L da 5L, kuma a nan ne ya kamata ka tsaya ka fahimci abu guda da zai cece ka daga asara. Toyota da kanta ta fitar da irin motarka, ta zangon 1988 zuwa 1997, da injin 3L. Lambar ƙirarta LN106, taka kuwa tana farawa da RN, duba farantin da ke cikin ɗakin inji. Ma'ana duk abin da kake buƙata an riga an ƙera shi a kamfani, aikinka nemo shi ne, ba ƙirƙirar sa ba. Saboda haka abin da za ka nema a Ƙofar Ruwa ta Kano, ko Panteka ta Kaduna, ko Ladipo ta Legas, ba inji ba ne tsirara. Ka nemi injin da ya fito daga Hilux mai ogzileri tare da kayansa duka, in ma an sami yankakken gaban mota sukutum, ko motar da ta yi haɗari ta baya, ya fi. Kayan da muke nufi su ne ƙoƙon da ke haɗa inji da giya, wanda kanikawa ke kira belhausin, da fulawil, da kik, da cokalin kuloci da ƙaramin famfonsa na ƙasa, da ƙafafun inji da kujerunsa, da altaneta mai famfon zuƙar iska a bayanta, da famfon sitiyari da maɗaurinsa, da fanka da murfinta, da lagireto, da gidan filtar iska, da kan filtar mai mai famfon hannu, da wayar totur, da bututun farko na salansa. In aka haɗa maka su a ciniki ɗaya, sauƙi ne. In ka zo sayensu ɗaiɗai bayan motarka na kwance, mai kaya ya san ba ka da zaɓi.

Yanzu ka ga inda 5L na Hiace ke da matsala. Zuciyar injin lafiya lau, amma rigarsa ta bas ce. Kaskon baƙin mai na ƙasa, da bututun da ke zuƙo mai daga cikinsa, da mazaunin sandar awon mai, da ƙafafun inji, da maƙogwaron iska, da wuyan ruwa, duk an tsara su ne don injin da ke zaune ƙarƙashin kujerar direba. Leƙa ƙarƙashin motarka: in aksil ɗin gaba miƙaƙƙe ne guda ɗaya a kan sifirin mai ganye, to kaskon Hiace na iya haɗuwa da tulun aksil duk lokacin da mota ta faɗa rami da lodi. Bugu ɗaya ya isa ya lotsa kasko ya toshe bakin bututun zuƙar mai, metal ya ƙone cikin mintuna. Maganin shi ne kasko da bututu da sandar awo na LN106, su ukun tare, domin in ka sauya kasko ka bar tsohon bututu, ko ka bar tsohuwar sanda, za ka riƙa karanta awon ƙarya. Ana yin wannan aikin kuma yana kyau, amma kafin ka biya kuɗin 5L, zaga kasuwa ka tabbatar akwai waɗannan kayan, ka rubuta farashin kowanne, ka tara. Sau da yawa 3L na Hilux cikakke ya fi 5L na Hiace sauƙi in an gama lissafi, bambancin ƙarfinsu kuwa doki shida ne kacal.

Ka kuma duba ko 5L ne ko 5L-E. Na farkon, wayar totur tana zuwa kai tsaye kan hannun famfon injekta, kuma wayar lantarki ɗaya ce mai muhimmanci, ta kashe inji. In ka ga famfon da soket-soket masu wayoyi da yawa kuma ba hannun totur a jikinsa, mai kwamfuta ne, ka koma matsalar 1KZ. Haka kuma kayan da suka fito daga Japan na mota mai sitiyari a dama ne, tamu kuwa a hagu, don haka wayar totur da bututun kuloci da tiyon sitiyari ba lallai su kai ba.

Kan kuɗi, ga ƙa'idarmu. A cikin kowace naira ɗari da ka ware, kada inji da kayan da suka zo tare da shi su ci fiye da hamsin. Goma sha biyar na sababbin kayan da za a sa wa injin kafin ya shiga, goma na lagireto da salansa da batir da wayoyi da tiyo, goma na kuɗin aiki, goma sha biyar kuma ka ɓoye ka manta da su har sai abin da ba a zata ba ya fito, kuma zai fito. Kai kuwa, wannan 5L ɗin zai cinye maka kashi biyu cikin uku tun kafin a kwance ƙusa ɗaya. Ko dai ka sami ciniki mai sauƙi, ko ka jira bayan girbi ka ƙara. Jiran ma alheri ne, domin wannan aikin na rani ne. Wanda ya sauke inji ana saura wata guda shuka, hayar mota zai yi ya kai taki.

Ranar sayen inji kada ka yi sayen kifi a ruwa. Ka tafi da bakanikenka da batir mai kyau, ka ce a tayar da shi a ƙasa. Kafin a tayar, ɗora hannu a jikin bulok, in da ɗumi to an riga an ɗumama shi don a ɓoye wahalar tashi, ka ce gobe da sassafe za ka dawo. Lafiyayyen inji, bayan an ba hita fulogi (fulogin da ke ɗumama silinda kafin tashi) wuta, yana kamawa cikin daƙiƙu kaɗan, ya ɗan yi farin hayaƙi ya washe. Farin hayaƙin da ya ƙi ɗaukewa yana nuna raunin matsi ko nozul (bakin da ke fesa mai) ko taimin, shuɗi baƙin mai ne ke ƙonewa, baƙi kuwa mai ya yi yawa ko nozul na zuba. Kwance murfin baƙin mai ka ɗora shi a bakin ramin yana aiki: in rawa kawai yake yi, ba laifi, in hucin ciki na tunkuɗe shi yana fitar da hayaƙi, ringi sun tafi. In an haɗa ruwa, duba ko kumfa na ɓulɓulowa ba tsayawa, alamar gasket ko tsagaggen kai ke nan. Kalli fulin gaban kiranshaf, in yana lilo, ƙusarsa ta taɓa kwancewa ta ci mazaunin makulli, gyaran kuma mai tsada ne.

Awon da ya fi duk waɗannan shi ne na matsi, ta ramukan hita fulogi, da ma'aunin dizal ba na fetur ba. Ƙa'idar waɗannan injina ita ce kilo 32 a kan kowane murabba'in santimita, mafi ƙaranci 20, kuma tazarar da ke tsakanin silinda da silinda kada ta wuce 5. Injin da ke nuna 22 ko 23 bai mutu ba, amma ya kama hanya, da sanyin hunturun yankinku sai ya wahalar da kai kowace safiya. Mai kayan da ya hana ka awo ya riga ya ba ka amsa. Ka nemi a rubuta maka kwanakin garanti a rasit, a fara ƙirga su daga ranar da aka tayar da injin a cikin mota in zai yarda, tare da lambar injin.

Injin na ƙasa, a yi masa duk abin da zai yi wuya in ya shiga. Na farko bel ɗin taimin. 22R sarƙa gare shi, tana ƙara kafin ta ba ka matsala, waɗannan kuwa bel ne da ake sauyawa kowane kilomita 100,000, kuma ba ya sallama. In ya tsinke fistin ya daki bawul, an koma sayen kai. Ba ka san shekarun wanda ke ciki ba, don haka a sa sabo na asali tare da fulin da ke ɗaure shi da na rakiya. A sauya sil na gaba da na bayan kiranshaf, da famfon ruwa, da tamostat mai daidaita zafin ruwan inji, da faifan kuloci da murfinsa da boris ɗinsa, har da ƙaramin boris na tsakiyar fulawil da ake yawan mantawa. Nozul huɗun a kai su wurin masu injekta a gwada feshinsu, suna buɗewa ne a matsin da ya kusa kilo 150, a mayar da su da sababbin washa. Famfon injekta kuwa, in injin ya tashi lafiya kuma ba ya yoyo, kada a taɓa shi.

Sai zaunar da inji. Giyar motarka da ta LN106 dangi ɗaya ne kuma ƙoƙonsu na kwancewa, saboda haka galibi ana ɗaura ƙoƙon dizal a kan giyarka. Duk da haka a gwada a ƙasa tukuna: a tabbatar sandar giya ta shiga boris na fulawil, haƙoranta sun dace da faifan kuloci, kik kuma na kama fulawil daidai. A bar giyar a mazauninta na asali, ta haka furofela biyu da sandunan giya ba su motsa ba. Daga nan a rataye injin da sarƙa, a daidaita shi a tsakiya, a ga inda ƙafafunsa suka faɗa, domin mazaunan 22R da ke jikin shasi ba a wuri ɗaya suke da na dizal ba. In an samo mazaunan daga motar da aka yanka, a yi amfani da su, in ba haka ba a ƙera da farantin ƙarfe mai kaurin milimita 5 ko 6. Mai walda ya ɗiga kawai da farko. A saki nauyin inji, a duba tazarar fanka da lagireto, kamar milimita 20 zuwa 25, a rufe bonet a gani, a juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe, a auna tsakanin kasko da aksil a tabbatar ya fi tazarar da ta rage kafin aksil ya daki robar tsayawarsa. Sai an gamsu a ƙone walda. Kafin tartsatsin farko, batir a cire, tankin fetur a sauke a kai nesa. Tankin da ba komai cikinsa sai tururi ya fi cikakke haɗari.

Birki shi ne abin da aka fi yin sakaci da shi. Tukunyar da ke sauƙaƙa taka birki tana aiki da zuƙar iska, wadda injin fetur ke bayarwa kyauta daga maƙogwaronsa. Dizal ba shi da ita, shi ya sa aka liƙa ƙaramin famfo a bayan altaneta. Famfon yana da tiyon baƙin mai mai shiga da mai fita, a sa sababbi, domin in mai shigar ya fashe injin zai zubar da mansa a hanya ba ka sani ba. In wani ya ba ka shawarar a sa altanetar 22R don a rage kuɗi, ka sani birkinka zai zama dutse a gangaren farko. Haka in bel ɗin altaneta ya tsinke, caji da sauƙin birki tare suke tafiya, don haka ka riƙa yawo da na ajiya.

Tankin mai na motarka zai yi, a wanke shi, a busar. A sa filtar dizal mai tarkon ruwa a ƙasa da famfon hannu a sama, a wuri mai sauƙin kaiwa. Dizal na buƙatar layi biyu, mai zuwa da mai komawa tanki, mai zuwan kada ya gaza milimita 8, kuma duk tsofaffin tiyo a zubar. Ƙaramin tsagu da ba ya ɗigar da mai yana iya shigar da iska, sai mota ta kwana ta ƙi tashi, a yi ta zargin famfo. Kada a yi amfani da bututu mai rufin zinki, dizal na cin sa ya kai dattin nozul. Wannan famfon injekta man da ke ratsa shi ne kaɗai ke shafa masa mai, saboda haka dizal ɗin da aka gauraya da kananzir ko mai ruwa a ciki yana cinye shi a hankali. Ka zaɓi inda kake shan mai, ka riƙa zubar da ruwan tarko kowane mako.

Wayarin ba shi da yawa in mai aikin ya natsu. Wayar da ke kai wuta koyil ita za ta buɗe makunnin mai na famfon injekta, ta hanyar rile da fis, amma a auna a ga tana ba da cikakken bolt 12 a lokacin da makulli ke kunne da lokacin da ake kik, in ba haka ba inji zai yi ta juyawa ba mai. Hita fulogi huɗu suna jan amfiya 40 zuwa 60 a farkon kunnawa, sai da babban rile da waya mai kauri da fis. Hanya mafi sauƙi ita ce maɓallin dannawa, a riƙe daƙiƙa goma. A nan akwai tarko: wasu fulogin na bolt 6 ko 7 ne, an yi su don na'urar da ke rage musu wuta da kanta, in aka haɗa su da maɓalli kai tsaye sai su ƙone, kan ɗaya ma na iya karyewa ya faɗa silinda. Karanta abin da aka rubuta a jikinsu, ka sa masu bolt 11. Kuma don Allah a daina ɗora tsumman fetur a bakin iska don tayar da dizal, da fulogi masu zafi a ciki wannan na fasa fistin. Batir ya zama mai amfiya 90 zuwa 100, wayoyinsa masu kauri, da wayar ƙasa daga inji zuwa shasi da bodi. In aka manta da ita, wuta na bi ta wayar totur ta narka ta. Na'urorin awon zafi da na baƙin mai a tabbatar sun dace da agogon motarka, mu dai muna son a ƙara agogon zafi na daban mai lambobi.

Lagireton 22R kada a mayar da shi. A sa na dizal mai layi uku, da murfin fanka, domin a tafiyar rarrafe ba iskar hanya, fanka ce kaɗai ke ja, kuma ba tare da murfi ba iskar gefe take kaɗawa. Tamostat ya zauna a wurinsa, mai digiri 82. Al'adar cire shi "saboda zafin ƙasarmu" tana sa injin ya daɗe bai ɗumama ba, ya yi ta tara baƙi, kuma ba ta warkar da toshewar lagireto. A zuba ruwan sanyaya inji na gaske, ba ruwan rijiya ba. Salansa sabuwar hanya za a yi mata, don ba gefe ɗaya hayaƙin injinan biyu ke fita ba, a nisanta ta da bututun birki da na mai.

Batun aksil ba ya buƙatar kuɗi, lissafi kawai. Dizal ɗin ƙarfinsa na ƙarewa wajen juyi 4,000. Da taya mai inci 31, aksil mai rabo 4.56 da giya ta biyar mai 0.85, a gudun kilomita 100 injin na juyi kusan 2,700, da rabo 4.88 kuwa kusan 2,900. Duka biyun sun yi, bar su yadda suke. Abin da za ka guje wa shi ne manyan tayoyi na ado, su ne ke kashe ɗan ƙarfin da ke akwai. In ma wata rana ka sauya rabon aksil, gaba da baya dole su zama ɗaya. Injin dizal ya fi nauyi, in gaban mota ya sunkuya a ƙara ganye ɗaya a sifirin ko a sa na LN106, da shokozoba masu rai.

Kan rafukanka, kada ka ɗauka dizal jirgin ruwa ne. Matsinsa ya kai 22 bisa 1, sararin da ya rage a saman fistin ɗan kaɗan ne, ruwan da bai cika kofin shayi ba ya isa ya lanƙwasa sandar fistin. A ɗaga bakin shan iska da bututu zuwa saman gilashi, a toshe duk mahaɗa da kyau, a kuma ja tiyon numfashin aksil biyu da giya zuwa sama. In ta taɓa mutuwa a cikin ruwa, kada ka yi kik. Cire hita fulogi, juya injin ya tofar da ruwan tukuna.

Ranar tayarwa ta farko, a zuba baƙin mai na dizal 15W-40, lita 6 zuwa 7 gwargwadon kaskon, a cire wayar makunnin mai a yi kik har fitilar mai ta mutu, sannan a mayar. A danna famfon hannu har ya yi tauri, a sassauta ƙusoshin bututun nozul har mai ya fito ba kumfa, a ɗaure, hannu nesa da feshin domin yana huda fata. A ajiye guntun katako kusa, in injin ya ɗauki gudu ya ƙi mutuwa a toshe masa bakin iska da shi, ba da tafin hannu ba. Makon farko a kusa da gida kuma ba lodi, kullum ana duba yoyo, ana sake ɗaure ƙusoshin ƙafafun inji da na furofela. A sauya mai da filta bayan kilomita 500 na farko don a wanke dattin ajiya, daga nan kowane 5,000.

Da bakanikenka ku yi jinga a rubuce, a biya kashi uku: in inji ya zauna, in ya tashi, in an yi gwajin hanya da lodi. Mako gudan da ya faɗa, ka ƙiyasta uku zuwa huɗu, kuma ka tambaye shi ko ya taɓa yin irin wannan sauyin, ya nuna maka motar. Rasit mai lambar inji ka kai shi ofishin lasisin mota na jiha a gyara takardunka, lambar inji da nau'in mai, ka sanar da kamfanin inshora, don kada a tsayar da kai a hanya takarda na cewa fetur inji na cewa dizal. Tsohon 22R da kafiretarsa da ƙoƙonsa da lagiretonsa ka adana su a inuwa, kada ka sayar sai sabon ya yi kilomita 2,000 ba matsala kuma garantin mai kaya ya ƙare. Kuɗinsu su za su saya maka bel ɗin ajiya da filtar mai biyu da za su zauna a bayan kujera.